Yanda za a yi wa mai daɗaɗɗen ciwon jiki yoga mai sauƙi, ko da daga gado zuwa kujera ce iyakarshi

Da wuya ka shiga gida a Kebbi ka rasa mutum ɗaya da ciwon ƙugu ko na gwiwa ya zaunar, ko dattijon da ya ƙare ƙuruciyarshi duƙe cikin fadamar shinkafa a Suru ko Argungu, ko Inna da daka da ɗibar ruwa da goyo sunka cinye mata gwiwa, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ya tashi amma bai koma daidai ba. Kuma abin da muke yi musu kusan iri ɗaya ne, a aiki yaro kemis ya sawo diclofenac, a shafa man zafi, a ce "ki kwanta ki huta Inna, kar ki motsa". Da kyakkyawar niyya ake faɗin haka wallahi, amma kwanciyar nan in ta yi tsawo ita ke ƙara rikita lamarin, tsoka ta saki, gaɓɓai su sandare, mutumin da da yake kai kanshi masallaci sai ya koma ko bayi sai an riƙa shi. Ga kuma maganin zafin ciwo irin diclofenac da ibuprofen in anka daɗe ana sha kullum suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda.

Shi ya sa nake son in yi bayanin yoga mai sauƙi, wadda ake yi kwance a gado ko zaune a kujera. Na san abin da zai fara zuwa ran wasu, ai wannan abin Indiyawa ne. Gaskiya ne daga Indiya ta fito kuma asalinta haɗe take da addinansu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni tun 2014. Abin da asibitoci sunka ɗauka daga ciki shi ne miƙe gaɓɓai a hankali da daidaita numfashi da sakin jiki, kuma iyakar abin da zan kawo kenan, babu kiran wani suna, babu gaida rana, babu zaman bauta. Wanda duk da haka zuciyarshi ba ta kwanta ba ya tambayi malaminshi, wannan haƙƙinshi ne.

Kar kuma wani ya ɗauka warkewa ce ta dare ɗaya. Likitoci na kiran ciwo daɗaɗɗe in ya wuce wata 3, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya. A 2017 wata ƙungiyar likitoci ta Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da take ba da shawarar a fara gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya kafin a je ga ƙwayoyi, a shekarar kuma an fitar da sakamakon wani bincike da anka yi a birnin Boston na Amurka da mutum 320, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi, inda anka ga yoga mai sauƙi ta sati 12 ta yi aiki daidai da zuwa fisiyo, wato sashen asibiti da ke gyaran gaɓɓai ta hanyar motsa jiki. Sauƙin da ake samu matsakaici ne, ciwo ya ragu, barci ya gyaru, mutum ya iya tashi da kanshi. Ga wanda ya shekara ana cicciɓa shi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin a fara komai

Akwai ciwon bayan da ba na motsa jiki ba ne, na asibiti ne yau yau. In fitsari ko bayan gida na kufce ma mutum ko fitsarin ya ƙi fita, in tsakanin cinyoyinshi ya mutu baya ji, in ƙafa na ƙara mutuwa kullum, in akwai zazzaɓi da rama da zufan dare ko ciwon da ke tada shi barci ko ya ya juya, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, to a ajiye maganar yoga a nufi asibiti. Tarin fuka na kama ƙashin baya kuma muna da shi a ƙasar nan, ba a miƙe irin wannan baya, magani yake so na watanni. Haka gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau.

Ko babu waɗannan, in da hali a kai shi sashen fisiyo ko sau ɗaya ne, irin na asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, su duba su faɗi motsin da zai kiyaye. A auna hawan jini, mai ciwon suga a auna suga. Kuma kar a ajiye maganin da likita ya rubuta don an fara wannan.

Ma'aunin ciwo

Wannan shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya, don Allah a tsaya nan a fahimta. Ciwon da ya daɗe yana sa jijiyoyi su zama masu saurin firgita, kamar mai gadin da ɓarayi sunka taɓa haurowa gidanshi, daga ranar ko kyanwa ce ta taɓa kwano sai ya kwarma ihu. To haka jiki ke yi, ɗan motsi kaɗan sai ya aiko da zafi alhali ba abin da ya karye ko ya yage. Aikinmu shi ne mu riƙa nuna ma jiki kaɗan kaɗan cewa wanga motsi ba haɗari ba ne, in kuma anka yi mashi da ƙarfi sai firgicin ya ƙaru a koma baya.

Sai a yi yarjejeniya da mara lafiyan. A ce mashi ciwo daga 0 zuwa 10 ne, 0 babu komai, 10 wanda ba a iya jurewa. Ga tsofaffin da lissafin zai dama sai a yi da yatsun hannu ɗaya, yatsa ɗaya ɗan kaɗan, biyar ya kai maƙura. Lokacin motsi an yarda ya kai 3 ko 4 cikin 10, wato yatsa biyu, ɗan ja da ɗan tsami ba laifi. Amma suka kamar allura, ko zafi mai gudu zuwa ƙafa kamar lantarki, ko jiri, ko ƙirji ya riƙe, a tsaya nan take. Sai doka ta biyu, washegari da safe a tambaye shi, in ciwon ya koma yanda yake kullum to an yi daidai, in ya kwana ya fi na jiya to an yi yawa, a rage rabi.

Mutanenmu akwai kunya da dauriya, Baba zai ce "ba komai, ci gaba" alhali ya cije leɓe, don haka mai taimako ya kalli fuska da numfashi fiye da baki. Da ka ga ya riƙe numfashi ko goshi ya tattare, an wuce iyaka.

Wuri da kaya da lokaci

Ba sai an sayi komai ba. Katifa mai ɗan tauri ko tabarma da bargo a kai in yana iya sauka ƙasa ya tashi, in baya iyawa kar a sauke shi, gado ya isa. Filo biyu ko uku, zani ko rawani ko gyale da za a yi igiya da shi, sai kujera mai ƙarfi mai majingina wadda in ya zauna tafin ƙafarshi ya taka ƙasa sosai, gwiwa ta yi daidai da kwankwaso ko ta ɗan yi ƙasa. A jingina kujerar da bango. Ni ban yarda da tsohuwar kujerar roba da ta sha rana ba, ƙafarta na iya buɗewa a kan siminti ko tayil, ita kuma kujerar mata 'yar tsugunno ta yi ƙasa da yawa ga mai ciwon gwiwa.

Lokacin hunturu kar a yi da asuba, gaɓɓai a sandare suke, a bari hantsi ya ɗaga ko a yi bayan wanka da ruwan ɗumi. Lokacin bazara kuwa da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, sai da sanyin safiya ko bayan la'asar a inuwa, da ruwan sha kusa. A bar kamar awa biyu bayan tuwo. Abin da na ga ya fi ɗorewa shi ne a ɗaura shi da wata salla, misali kullum bayan la'asar, don ba a mantawa. Mace ta taimaki mace a ɗaka inda za ta saki jiki ba tare da tunanin zani ba, in da dogon wando ta sa.

Numfashi, shi ne farko kullum

Ya kwanta rigingine, filo ɗaya ƙarƙashin kai, filo biyu ƙarƙashin gwiwa don ƙugu ya sauka. Wanda rigingine ke dama ya kwanta a gefe da filo tsakanin gwiwoyi, ko ya zauna a jingine. Hannu ɗaya bisa cibiya ɗaya bisa ƙirji. Ya ja iska ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu a zuci, hannun cibiya ne ake so ya ɗaga, na ƙirji ya zauna kusan shiru, sannan ya saki ta hanci ko ta baki kamar mai hura koko yana ƙirga shida. Fitar ta fi shigar tsawo, nan amfanin yake, don doguwar fitar numfashi na rage bugun zuciya ta sa tsoka ta saki. In huɗu da shida sun yi yawa a yi uku da huɗu. Ba a riƙe numfashi ko kaɗan, musamman mai hawan jini. Sau goma ya isa, in ya ji kanshi na juyawa ya koma numfashin da ya saba.

Satin farko in wannan kaɗai anka yi tare da motsi biyu ba a yi asara ba.

Motsin gado

A fara daga nesa da inda ke ciwo. Ƙafa a miƙe, ya jawo yatsun ƙafa wajen fuska ya tura su gaba, sau goma, sai ya juya idon sawu. Hannu ya dunƙule ya buɗe.

Sai jan diddige, ya jawo diddigen ƙafa ɗaya bisa katifa zuwa wajen ɗuwawu iyakar inda gwiwa ta yarda, ya mayar a hankali, sau biyar kowace ƙafa. In zanin gado na riƙewa a sa leda ƙarƙashin diddigen ta zame.

Na ƙugu shi ne wanda mutane sunka fi kasa ganewa, ga yanda nake nunawa. Gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a kan katifa, mai taimako ya zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugun inda ke da ɗan rami, ya ce "Baba ku danne min hannu da bayanku". Yana sakin numfashi yana dannawa, yana ja yana saki. Ɗuwawu baya ɗagawa, motsin ƙanƙane ne har wanda ke bakin ƙofa ba zai gani ba, kuma haka ake so. Sau biyar zuwa takwas.

Daga nan gwiwoyin a haɗe ya karkata su dama kaɗan, ya dawo tsakiya, ya karkata hagu, kafaɗu na kwance. Kar a nemi gwiwa ta taɓa katifa, taƙi ɗaya ma ya isa, a ajiye filo gefe ya tare ta.

Na ƙarshe, a zura zani ƙarƙashin cinya ɗaya, ya riƙe bakin zanin biyu ya jawo cinyar wajen ciki, ya tsaya a haka yana numfashi sau uku, ya sauke. Ƙarƙashin cinya ake riƙewa, ba a danna saman gwiwa mai ciwo. Shi zai ja da hannunshi, mai taimako kar ya tura mashi, wannan kuskure ne da yara samari ke yawan yi don suna ganin taimako ne.

Wajen tashi kuma ya mirgina gefe, ya sauko da ƙafafu, ya tura da hannu ya zauna, ya ɗan jima a bakin gado kafin ya miƙe, don masu shan maganin hawan jini jiri na kwasarsu in sunka zabura.

Motsin kujera

Ya zauna ya ɗan matso daga majingina in zai iya, ƙafa a ware daidai faɗin kwankwaso. Hannu bisa cinya, yana jan numfashi ya turo ƙirji gaba ya buɗe kafaɗu, yana saki ya ɗan lanƙwasa baya haɓa ta sauko kaɗan. A littafin yoga ana yin wannan ne a durƙushe kan gwiwa da hannu, mu mun maido shi kujera kuma aikin ɗaya ne. Sau shida, numfashi ne ke jan motsin.

Kafaɗu ya ɗaga zuwa kunne ya kai su baya ya sauke. Wuya ya waiga dama ya waiga hagu kamar mai sallame salla amma a hankali, ba a juya kai zagaye. Hannu kuma ya riƙe sanda ko muciya da hannu biyu ya ɗaga gaba iyakar inda kafaɗa ta yarda, in daidai ƙirji ta tsaya to nan ne nashi na yau.

Ga masu ciwon gwiwa wanda ya fi komai amfani shi ne miƙe ƙafa, ya ɗaga ƙafa ɗaya har gwiwa ta miƙe, yatsu na kallon sama, ya ƙirga uku, ya sauke a hankali kar ya sake ta ta faɗi. Tsokar gaban cinya ake ginawa, ita ke ɗauke ma gwiwa nauyi, kuma ita ke fara zubewa in mutum ya kwanta jinya.

In an yi sati biyu ko uku lafiya sai a ƙara tashi da zama. Ya matso bakin kujera, ƙafa ta ɗan koma baya ƙarƙashinshi, ya sunkuyo har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, ya tura da hannu ya miƙe, ya tsaya yana numfashi sau biyu, ya koma a hankali. In kujerar ta yi ƙasa a ƙara filo. Sau uku ya isa farko. Mai taimako ya tsaya gefen da ya fi rauni, hannu a ƙugunshi, ba a jan mutum ta hannu ko hammata. Wanda ya ƙware a wannan zai iya tsayawa ya dafa bango ko taga ya ɗaga diddige ya sauke, ko ya tsaya cak ƙafa a ware yana numfashi biyar.

A rufe da hutu kullum, kar a tsallake shi don ana ganin ba aiki ba ne. Ya koma kwanciyar farko, mai taimako ya riƙa kiran sassan jiki da murya ƙasa ƙasa, ƙafa ta saki, cinya ta saki, ciki, kafaɗa, muƙamuƙi, goshi, kamar minti uku zuwa biyar. Wanda yake son ya yi tasbihinshi a zuci lokacin ya yi. A kore yara daga ɗakin, a kashe rediyo.

Kowa da abin da zai kiyaye

Mai shanyewar ɓarin jiki, kafaɗar da ta mutu a sake take kuma jan ta na iya gurɗa ta ya bar ciwo mai wuyar magani, don haka ya sarƙe yatsun hannu biyu, hannu mai lafiyan ya ɗaga hannun da ya mutu, kuma in yana zaune a ɗora hannun bisa filo kar ya rataya. Tsofaffi mata da bayansu ya fara duƙawa, da duk wanda ya daɗe yana shan haɗin kemis mai prednisolone ko dexamethasone, ƙashinsu ya yi laushi, banda sunkuyo mai zurfi da murɗa baya da ƙarfi, wancan lanƙwasa bayan na kujera ma a yi rabinshi na buɗe ƙirji kawai. Wanda anka sa ma ƙarfe a kwankwaso ya bi dokar likitanshi, yawanci ba a harɗe ƙafa ba a jawo gwiwa ta wuce kwankwaso. Mai hawan jini da mai hawan jinin ido kar kai ya sauka ƙasa da ƙirji. Mai sikila ya sha ruwa sosai, ya kiyayi sanyi da gajiya, ranar da ciwon ya tashi ba motsi sai numfashi da magani, in kuma kwankwaso ke ciwo a yi hoto tukun don ƙashin wurin na lalacewa a masu sikila. Mai suga ya duba tafin ƙafarshi kafin da bayan, kar ya yi da yunwa bayan ya sha magani. Mai ciki ta tambayi wajen awo, in cikin ya tsufa ta kwanta a gefe.

Yanda za a ƙara, da ranar da jiki ya ƙi

A fara da minti biyar zuwa goma a rana, kwana biyar ko shida a sati, wannan ya fi awa ɗaya ranar Juma'a kaɗai. Kowane sati a ƙara abu ɗaya tak, ko motsi ɗaya sabo ko ƙirga biyu a kan na da, kar a haɗa. A samu ɗan littafi a rubuta abin da anka yi da lambar ciwon washegari, kuma a zaɓi wani abu na zahiri da ake son kaiwa, misali Inna ta iya zuwa bakin ƙofar zaure da kanta, ko Baba ya iya tsayuwar raka'ar farko kafin ya zauna. Addini ya riga ya yi sauƙi, wanda bai iya tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda bai iya zama ya yi a kishingiɗe, don haka kar wani ya matsa ma gwiwa da sujada kafin lokacinta. A ba abin sati 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne ranar da jiki ya yi daɗi. Inna ta tashi ta ji sauƙi sai ta share tsakar gida ta yi wanki ta ɗauki jika, washegari ta kwanta kwana uku tana cewa motsin nan ne ya ja mata. Ranar sauƙi a yi daidai abin da anka tsara, aikin gida kuma a yanka shi gunduwa gunduwa da hutu tsakani. Ranar da ciwo ya tashi, kuma zai tashi, wannan ba alamar an koma baya ba ce, kar a daina gaba ɗaya, a koma numfashi da motsin idon sawu da na hannu, a ɗora tsumma mai ɗumi a wurin, amma wanda fatarshi ba ta ji sosai kamar mai suga ko mai shanyewar jiki a gwada ɗumin da hannun mai lafiya tukun kar ya ƙone bai sani ba. In ya lafa a ci gaba daga rabin inda anka tsaya. Cikin azumi a maida shi bayan isha'i ko tarawi a rage yawan. In kuma an yi wata uku ana bi da gaskiya ba wani canji, ko wata sabuwar alama ta fito cikin waɗanda na lissafa can sama, a ɗauki littafin nan a koma da shi wajen fisiyo ko likita su ga abin da anka yi su sake dubawa.